Daga Kumasi Zuwa Tema, a Bin Sawun Shuɗin Shellos

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare da ke Kumasi, kuma babu shekarar da ba na tsayawa gaban allo in ja layi daga sama zuwa ƙasa, in shaida wa ɗalibai cewa wannan shi ne layin Greenwich, wanda ya raba duniya gabas da yamma, ya kuma ratsa ƙasarmu ya faɗa teku a Tema. Kullum nakan ƙara da cewa layi ne na ƙiyasi, ba a ganinsa kuma ba a taɓa shi. Duk da haka ƙafata ba ta taɓa taka wurin ba sai a dogon hutun da ya gabata, kuma ɗan yayata ne ya ja ni, saboda wani wasa da ke cikin wayarsa.

Yaron yana da shekara 16, a unguwar Aboabo ta Kumasi yake zaune tare da iyayensa, kuma ya daɗe yana buga Pokémon GO, wasan da kamfanin Niantic na Amurka ya fitar a watan Yulin 2016, ya iso Ghana a watan Oktoban wannan shekarar. Wasan yana ɗora taswirar unguwar da mutum yake tsaye a kan fuskar waya, ya bi shi da GPS duk inda ya sa ƙafa, halittu su riƙa ɓullowa a gefen hanya, shi kuma ya jefe su da ƙwallo ya kama su ya shigar a kundinsa. Wata rana da la'asar ya same ni ina duba takardun jarrabawa, ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, Tema a gabas take ko a yamma?" Na ce masa tana duka biyun. Sai ya miƙo mini wayar ya nuna mini wata halitta mai kama da dodon-koɗi marar ƙoƙo, launinta ruwan hoda, sunanta Shellos. Ya ce ya kama irinta fiye da talatin a Kumasi, amma tana da 'yar'uwa shuɗiya wadda ba ta fitowa sai a gabas da layin Greenwich, kamar yadda mai ruwan hodar ba ta fitowa sai a yamma da shi. Kumasi tana yamma da layin da fiye da digiri ɗaya da rabi, saboda haka ko zai shekara yana yawo daga Kejetia zuwa Tafo ba zai ga shuɗiyar ba. Na ajiye jan biro na dube shi, domin wannan ne karo na farko da wani yaro ya tambaye ni game da layin nan alhali babu jarrabawa a gabansa.

An yi dace a lokacin an yi wa wani ɗan'uwanmu haihuwa a unguwar Nima da ke Accra, ana neman wanda zai je barka a madadin gida. Na karɓi aiken, na roƙi Yaya ta ba ni yaron ya raka ni. Ta yarda bayan ta yi masa doguwar nasiha a kan kallon waya a bakin titi, ta ƙulla mana atamfa da sabulu na mai jego.

Mun fita bayan sallar asuba, muka sha koko da ƙosai a bakin hanya, muka nufi tashar Asafo. Na biya sidi 140 kowane mutum a babbar mota mai sanyi, aka karɓi sidi 10 na jaka. Tsakanin Kumasi da Accra kimanin kilomita 250 ne. Tun kafin mu wuce Ejisu yaron ya gane cewa motar ba za ta amfane shi da komai ba. Da zarar gudu ya yi yawa, wasan yakan fito da gargaɗi cewa kada a buga shi ana tuƙi, kuma ko mutum ya amsa cewa shi fasinja ne, halittun sukan daina fitowa, sannan tafiyar da ake ƙirga wa ƙwan halitta na cikin wasan kafin ya ƙyanƙyashe ba ta shiga lissafi idan saurin ya wuce kimanin kilomita 10 a sa'a. Masu wasan sun gina shi ne domin mai tafiya a ƙasa. Ya kashe wayar don tattalin caji, ya jingina da taga ya yi barci har Konongo.

Shingen 'yan sanda biyu muka tarar kafin Nkawkaw. A na farko an ɗaga wa direba hannu kawai, a na biyu kuwa wani jami'i ya hau ya leƙa fuskokinmu, ya sa aka buɗe ma'ajiyar kaya ta ƙasa, ya tambayi mai wasu buhuna uku abin da ke ciki, aka ɓata kusan minti ashirin. Daga nan duwatsun Kwahu suka bayyana a hagunmu, hazo ya lulluɓe kawunansu. Yaron ya farka ya ce da za a sauke shi a can sama, da ya sami halittun dutse da na ƙasa waɗanda ba kasafai yake ganinsu a gida ba, domin wasan yana la'akari da irin wurin da mutum yake, ko daji ne, ko tsauni, ko bakin ruwa, ko tsakiyar gari.

A wajen Bunso aka tsaya cin abinci na rabin sa'a. Na sayi wake da shinkafa da ƙwai da yaji a kan sidi 35, shi kuwa ya ce ba ya jin yunwa, ya kunna waya ya zaga bayan wurin ajiye motoci. Wuri ne mai dausayi, ga itatuwa dogaye, ga gonakin koko da ayaba, ga kukan tsuntsaye ta ko'ina, amma a fuskar wayar fili ne fetal, halitta uku kacal, kuma dukansu a daidai inda matafiya ke tsayawa. Da ya matsa taku hamsin zuwa bakin gona sai komai ya ɓace. Abin ya ba ni mamaki, domin a zatona inda dabbobin gaske suka fi yawa nan na wasa za su fi yawa. Ya bayyana mini cewa masu buga wasan sun daɗe da lura cewa wuraren da halittu ke ɓullowa suna bin inda ake yawan amfani da waya ne, shi ya sa gari ke cika, ƙauye da daji su zama wayam. Cikin ukun nan akwai Tropius, wata halitta mai dogon wuya da fukafukan ganye, da nonon ayaba yana reto a ƙarƙashin haɓarta. Ya kama ta ba tare da wani ɗoki ba, ya ce yana da irinta da yawa. Ita ce rabon Afirka da wasu sassan bakin Bahar Rum, kamar yadda aka ba Amurka ta Arewa Tauros, aka ba Turai Mr. Mime, aka ba Ostareliya Kangaskhan, aka ba Japan da maƙwabtanta Farfetch'd. Wato abin da yaron Aboabo yake wucewa bai waiwaya ba, shi ne wani a Tokyo ko Toronto yake jira shekara da shekaru ya samu a wani biki na musamman ko a hannun matafiyi. Na tsaya ina kallon ayabar wuyanta da ta gonar da ke gabanmu har yaron mota ya fara kiran fasinja.

Daga Suhum zuwa Nsawam babu abin faɗa. Amma da muka wuce gadar Pokuase muka shiga cunkoson Ofankor, inda mota ke tafiya kamar hawainiya, sai wayar ta farfaɗo. Fasinjoji suna tsaki suna duba agogo, shi kuwa yana murmushi yana kama halitta bayan halitta, yana juya alamomin da ake kira PokéStop, inda ake samun ƙwallaye da ƙwai. A sa'a ɗaya da muka yi kafin mu kai Circle a cikin Accra ya kama abin da ya fi na kwana biyu a unguwarsu. Ina jin a duk motar shi kaɗai ne ya yi baƙin cikin ƙarewar cunkoson.

Mun isa Nima bayan la'asar, muka yi barka, aka sauke mu a ɗakin samarin gidan, aka kawo tuwon zafi da miyar ayoyo. Bayan magariba muka zauna a ƙofar gida tare da Baba, kakan jaririn, wanda ya haura shekara saba'in, ya kuma yi fataucin goro a ƙuruciyarsa har Legas da Kano. Ya ga yaron yana ta shafa fuskar waya, ya tambaye shi abin da yake nema. Da aka yi masa bayani bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba, sai ya ce, "To ai wannan fatauci ne, ɗana. Abin da yake banza a garinku shi ne mai tsada a garin wasu. Mu ma da goro yana fitowa a Kano, wa zai wahalar da kansa ya zo Asante?" Daga nan ya tambaya ko ana sayar da su. Yaron ya ce ba a sayarwa, musaya ake yi, kuma a lokacin sai mutanen biyu suna kusa da juna, tazararsu ba ta wuce mita 100 ba. Baba ya gyaɗa kai ya ce haka ya kamata, ciniki ido da ido.

A daren na lura da wani abu da ya tsaya mini a rai har ƙarshen tafiyar. Nima tana cikin unguwannin da suka fi cunkoson jama'a a Accra, lungu cikin lungu, amma a taswirar wasan manyan tituna ne kawai suka fito sosai, yawancin lungunan da muka bi zuwa masallaci babu su, kuma alamomin PokéStop ɗaiɗai ne. Da muka taka zuwa Kanda washegari da safe don ganin babban masallacin ƙasa, wanda aka buɗe a 2021 da ginin irin na Turkiyya, sai taswirar ta cika da tituna da alamomi. Haka abin yake a gida: harabar jami'ar KNUST cike take, Aboabo kuwa sai an yi tafiya kafin a ga ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun ƙarshen 2017 wasan yake ɗauko taswirarsa daga OpenStreetMap, wadda mutane ne 'yan sa-kai suke zana ta, kowa ya shigar da titi ko fili ko rafin da ya sani. Su kuma alamomin, na farkonsu an gaje su ne daga Ingress, wani wasan da kamfanin ya fitar tun da fari, sauran kuma masu wasa ne suke ɗaukar hoton masallaci ko coci ko mutum-mutumi ko zanen bango su tura, wasu masu wasan su tantance. Unguwar da ba ta da mai zana ta, ba ta da mai tura hotonta, sai ta zama kamar babu kowa a cikinta, ko da mutum dubu ɗari ne suke kwana a ciki.

Daga Kanda muka shiga trotro, ƙaramar motar haya, zuwa Tema ta babban titin da aka buɗe a 1965 zamanin Kwame Nkrumah, mai tsawon kilomita 19. Na buɗe manhajar da ke nuna lambobin wuri a wayata, ina kallon lambar yamma tana raguwa kaɗan-kaɗan daga wajen 0.19 da muka baro a Accra. Yaron ya nemi mu fara sauka a bakin tekun Sakumono, wanda yake yamma da layin, domin ya tabbatar da abin da ya sani kafin ya nemi abin da bai sani ba. Iska tana kaɗawa, sama ta yi duhu, masunta suna jan koma. A nan halittun ruwa suka yawaita ƙwarai: Magikarp, kifin nan da ba ya iya komai sai tsalle, wanda sai an tara alewa 400, irin wadda wasan ke bayarwa idan an kama shi, kafin ya rikiɗa ya zama Gyarados, da Krabby mai kama da ƙaguwa, da Wingull mai kama da tsuntsun teku. Bayan kusan minti arba'in Shellos ta fito, ruwan hoda, irin ta Kumasi sak. Ya kama ta duk da haka, ya ce shaida ce.

Muka ɗauki tasi a kan sidi 30 zuwa Community 1, inda cocin Presbyterian da ake kira da sunan layin yake. Na yi wa mai gadi sallama, na gaya masa ni malamin makaranta ne daga Kumasi, ya bar mu muka shiga harabar muka ga alamar da aka yi. Tema gari ne da aka tsara shi da gangan saboda tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1962, kuma mutanensa suna alfahari da cewa su ne a tsakiyar duniya, domin mahaɗar layin Greenwich da ikwaita tana cikin teku kudu da su, kimanin kilomita 600. Na tsaya ƙafa ɗaya a gabas ɗaya a yamma kamar yadda kowane baƙo yake yi, yaron ya ɗauke ni hoto don in nuna wa ɗalibai. Sai dai lambar da ke wayata ba ta tsaya cak ba, tana rawa, wani lokaci ta nuna gabas wani lokaci yamma, alhali ban motsa ba. GPS na waya yakan yi kuskuren 'yan mitoci, musamman kusa da gini. Akwai kuma wani abin da ya fi wannan: ko a can Greenwich ta Landan, layin da aka amince da shi a taron Washington na 1884, wanda masu yawon buɗe ido suke tsayawa a kansa, ba shi ne sifilin da taurarin ɗan'adam suke aiki da shi ba, na GPS yana gabas da shi da kimanin mita 102. Wasan kuwa lambar GPS yake bi, bai san alamar da aka shafa wa fenti ba. Saboda haka muka yanke shawarar kada mu tsaya jayayya da 'yan mitoci, mu nausa gabas sosai.

Muka bi hanya a ƙasa zuwa wajen tashar masunta da Tema Newtown, rana ta ɓuya, ƙarnin kifi da hayaƙin banda suka cika hanci. Sa'a guda muna zagaye babu Shellos ko ɗaya, sai halittun da ya saba gani. Cajin wayarsa ya sauka ƙasa da kashi 20, ya jona ta da fawa banki, fuskarsa ta fara canzawa. Ni ma na fara tunanin abin da zan gaya wa Yaya idan muka koma hannu rabbana. Ana cikin haka ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, muka ruga ƙarƙashin rumfar wata mata mai sayar da dokunu da soyayyen kifi. Na saya mana na sidi 50 don kada mu tsaya mata a banza. Yaron kuwa da ya ga ruwan sai ya washe baki, ya ce, "Kawu, yanzu za su fito." Tun Disamban 2017 wasan yake bin hasashen yanayin kowane yanki, yana sabunta shi sa'a-sa'a: idan rana ta buɗe halittun wuta da na ciyawa da na ƙasa sukan ƙaru, idan iska ce masu tashi sukan ƙaru, idan kuma ruwa ne sai na ruwa da na lantarki da ƙwari su yawaita, su kuma fito da ƙarfi fiye da na kullum. Muka jira har sa'a ta cika, ɗigon ruwa ya bayyana a fuskar wayar, taswirar ta sake zubi.

Ba a yi minti biyar ba ya yi wata ƙara da ta sa mai dokunu ta saki cokali. Ga ta nan a bakin kwata, taku goma daga rumfar, shuɗiya mai koren ciki, da wasu 'yan fukafukai a bayanta waɗanda mai ruwan hodar ba ta da su. Hannunsa yana rawa, ƙwallon farko ya kauce, na biyu ta fasa ta fito, sai da ya ba ta 'ya'yan itacen da ke kwantar da su kafin na uku ya riƙe ta. Matar ta leƙo ta ga abin da ya jawo ihun, ta yi wata magana da yaren Ga wadda ta sa sauran masu fakewa suka fashe da dariya, mu ma muka taya su ba tare da mun ji abin da ta ce ba. Kafin ruwan ya ɗauke ya kama huɗu. Ya kuma sami Basculin mai jan zane, wani kifi mai faɗa wanda shi ma layin ne ya raba shi da ɗan'uwansa mai shuɗin zane da ake samu a yamma.

Tsakanin inda ya kama mai ruwan hoda da safe da inda ya kama shuɗiya da rana bai fi tafiyar minti ashirin a mota ba. Teku ɗaya ne, yashi ɗaya, masunta masu yare ɗaya, babu shinge, babu jami'in da zai nemi takarda. Layin ya ratsa ƙasashe takwas, Birtaniya da Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali da Burkina Faso da Togo da Ghana, kuma a cikinsu kaɗan ne wuraren da ya bi ta tsakiyar babban gari kamar yadda ya yi a nan. Nijeriya da Nijar gaba ɗayansu suna gabas da shi, don haka yaron da ke Kano ko Damagaram shuɗiyar ce tasa ta kullum, mai ruwan hodar da ta ishi ɗan yayata ita ce abin nemansa. A arewacin Ghana layin ya bi ta dab da Yendi, abin da ya sa na ce wa yaron da mun sani da can muka nufa, mu haɗa da ziyarar dangi a Tamale. Ya ce a Yendi babu teku, kuma bai yarda zai sami alamomi da yawa ba.

A hanyar komawa tasha na tambaye shi abin da ya sa bai yi yadda na ji wasu suna yi ba, wato su sa wata manhaja ta yaudari wayar ta ɗauka tana wani gari alhali mai ita yana kwance a ɗaki. Ya ce akwai abokansa biyu da suka yi haka, ɗaya an dakatar da shi na wata guda, kuma kamfanin yakan rufe asusun wanda ya maimaita. Ya ƙara da cewa ko ba a kama mutum ba, kowace halitta tana ɗauke da sunan wurin da aka kama ta da ranar, kuma kowa a unguwa ya san wanda ya je Tema da wanda bai je ba.

Da yake muna da sauran kwana ɗaya, na ce mu ƙarasa Ada Foah, inda kogin Volta yake shiga teku, wurin da shi ma na daɗe ina koyarwa ban gani ba. Muka kwana a Ashaiman wajen wani abokin karatuna, da sassafe muka shiga mota ta Dawa da Sege zuwa mahaɗar Kasseh, muka canza wata zuwa Ada. An tsayar da mu sau ɗaya a hanya, aka duba katin shaidar kowa, aka sallame mu. Masaukin da muka samu na sidi 250 ne, ɗaki mai fanka da gidan sauro, wuta ta ɗauke tun kafin isha'i ba ta dawo ba sai cikin dare, abin da ya sa muka yi rabon cajin fawa banki kamar masu rabon ruwa a sahara.

Ada ta fi duk inda muka je kyau, ta kuma fi ko'ina talauci a cikin wasan. Mai kwalekwale ya kai mu bakin mahaɗar a kan sidi 120, kogi a dama shiru kamar an shimfiɗa tabarma, teku a hagu yana ruri, tsakaninsu wani siririn yashi da itatuwan kwakwa. Sabis yana zuwa yana tafiya, kuma ko da ya zo taswirar ba ta nuna komai sai shuɗi da ɗan zirin ƙasa. Yaron ya kunna turaren da wasan yake bayarwa kyauta sau ɗaya a rana, mai jawo halittu na minti 15 muddin mutum yana tafiya, ya yi ta kai da kawowa a kan yashin, ya sami 'yan kaɗan. Abin da ya fi so shi ne Wiglett, wata farar halitta mai kama da tsutsa da ke leƙowa daga yashi, wadda aka shigo da ita a 2024 kuma ba ta fitowa sai a wurin da wasan ya ɗauka bakin teku ne. Mun tsaya a kan yashin da ya fi kowane yashi cancantar wannan suna, amma ba ta fito ba. Sai da muka dawo cikin gari, kusa da wani wurin shaƙatawa da baƙi suke yawan zuwa, inda bakin ruwan bai kai rabin wancan kyau ba, sannan bayan fuskar wasan ya sauya ya nuna yashi da teku, ta leƙo. A nan kuma ya sami Corsola, mai siffar murjani, wadda ake samu a ƙasashe masu zafi kawai. Mai kwalekwalen, wanda ya biyo mu karɓar cikon kuɗinsa, ya tambayi abin da muke nema, da na gaya masa sai ya ce in dai abin cikin yashi muke so, da mun faɗa masa tun farko ya kai mu inda mata suke haƙo ƙumba a kogi. Da yamma muka ci ita ƙumbar a tsire da yaji, da banku da gasasshen karfasa.

Komawa ba ta da labari, ban da cewa mun bar Accra da azahar muka shiga Kumasi bayan isha'i saboda wata babbar mota da ta faɗi a hanya kusa da Anyinam. Da na yi lissafi, tafiyar ta ci mini abin da ya haura sidi 1,500, ban da kayan barka. Yaron ya dawo da shuɗin Shellos goma sha ɗaya.

Kwana biyu bayan dawowarmu na je gaida Yaya, na tarar da samari biyar a zaure kowa da waya a hannu. Wasan yana ƙayyade yawan musayar da mutum zai yi a rana idan halittar sabuwa ce ga mai karɓa, saboda haka sun rubuta sunayensu a bayan kwalin sabulu, kowa da ranarsa. Shi kuwa ɗan yayata ba ya cikin zauren. Yaya ta ce tun safe ya karɓi kwamfutar babansa, yana ɗaki yana zana lungunan Aboabo a OpenStreetMap, kuma ya bar saƙo cewa idan na zo in shiga in gaya masa ko rafin da ke bayan makarantar allo yana da suna.